"Shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa": yabo ne ko zargi?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta hana ni sakat tun jiya. Ina ɗan rubutu ne a kan wani makaɗin ganguna ɗan Amurka mai suna Butch Vig, wanda kuma furodusan waƙa ne, sai na sa wa rubutun kai: "Shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa." Da kawuna ya gani sai ya ce maza in goge, wai zagin bawan Allah na yi ban sani ba. Ni kuwa har ga Allah yabonsa na yi niyya.

Ga hujjata. An haife shi a 1955 a wani ɗan ƙaramin gari, Viroqua, cikin jihar Wiskonsin. Mahaifinsa likita, mahaifiyarsa malamar kiɗa. Da fiyano ya fara, daga baya ya koma ganguna. Da ya zo birnin Madison karatun jami'a sai ya zama mai buga wa wata ƙungiya ganguna, Spooner, irin ƙungiyoyin rok ɗin nan da manyan kamfanonin faifai ba su san da zamansu ba. Maimakon ya zauna jiran wanda zai ɗauke su, a 1983 shi da abokinsa Steve Marker suka buɗe nasu situdiyon, Smart Studios. Har tasi ya riƙa ja da dare don a samu na rufin asiri. Bayan shekara goma suka kafa ƙungiyar Garbage, inda shi ne a bayan ganguna, shi ne kuma a gaban na'urar ɗaukar sauti. To wannan in ba kiɗansa da rawarsa ba, mene ne? Ina laifin wanda ya tsaya da ƙafarsa?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Yaro, kawunka ya fi ka gaskiya. Ka dubi yadda dandali yake. Makaɗi gefe guda, mai rawa a tsakiya, 'yan kallo sun kewaye. Kowa da nasa. Idan ka tarar da mutum ɗaya rataye da ganga yana bugawa kuma yana taka rawa, ɗayan biyu ne: ko dai babu wanda ya zo masa, ko kuwa shi ya hana kowa shiga. Shi ya sa Bahaushe ke faɗar wannan magana a kan wanda ya haɗe abin da ya kamata a raba. Ma'ajin ƙungiya da shi ke karɓar kuɗi, shi ke kashewa, shi ke kuma binciken kansa. Ko wanda shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Akwai kuma inda ake faɗarta don zare hannu: "ku ƙyale su, su yi kiɗansu su yi rawarsu." Wato babu ruwanmu, abin da ya biyo baya nasu ne. A cikin biyun nan ban ga inda yabo ya shigo ba.

Basakkwace:
Allah shi gafarta Malam, haka take. Mu can muna cewa "shi ka kiɗinai, shi ka rawatai." Amma akwai fuska ta uku da na tashi ina ji, ta tausayi. Kakata in ta ga matar da miji ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ita ce noma ita ce surfe ita ce kai talla, sai ta girgiza kai ta ce, "Baiwar Allah, ita ka kiɗi ita ka rawa." Wannan ba zargi ba ne. Amma shi ma ba kirari ba ne, jaje ne.

Uwar Biyu:
Malam, da girmanka, ni dai ban yarda an rufe ƙofa a nan ba. Harshe ba dutse ba ne. Ni ina yin turaren wuta a gida. Ni ke sayo itace, ni ke jiƙawa, ni ke zubawa a kwalba, ni ke ɗaukar hoto in sa a WhatsApp, ni ke kuma bin bashi. Ranar da wata ƙawata ta ce da ni "ke kam ke ce kiɗa ke ce rawa," wallahi daɗi na ji, kuma na san da daɗin ta faɗa. Yaran yanzu haka suke amfani da ita ga duk wanda bai jira kowa ba. Ai Hausawan da suka yi waccan maganar su ne suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Me zai hana ma'anar karin magana ita ma ta sauya?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya, tana sauyawa, ban musa ba. Sai dai ki lura, ƙawarki a gabanki ta faɗa, kina ganin fuskarta, kina jin muryarta. Shi wannan yaro a kan takarda zai rubuta, kuma a matsayin kan magana. Takarda ba ta murmushi. Mai karatu zai ɗauki ma'anar da ya fi sabawa da ita ne.

Mai Situdiyo:
Ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, don wannan gonata ce. Shekarata goma sha ɗaya ina haɗa wa mawaƙa kiɗa, kuma wannan mutumin na daɗe ina bin tarihinsa.

Ɗan'uwa Ɗan Zazzau, ko da a ce maganar yabo ce, ba ta hau kansa ba. Abin da ya ɗaga sunan Butch Vig a duniya ba rawarsa ba ce, rawar wasu ce. Shekarun farko na Smart Studios ƙananan ƙungiyoyi yake ɗauka a kan kuɗi kaɗan, masu fitar da faifai a ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Cikinsu akwai Killdozer. Sautin da ya yi musu ne ya kai kunnen mutanen Sub Pop, wani ƙaramin kamfani a Siyatil, shi ne suka turo masa wata ƙungiyar rok mai suna Nirvana a watan Afrilun 1990. Ka tuna faifan Nirvana na farko dala ɗari shida da 'yan kai aka kashe wajen ɗaukarsa. Ba wasu manya ba ne a lokacin.

Da suka koma babban kamfani, DGC, suka nemi shi ɗin dai ya yi musu aiki. A 1991 aka shiga situdiyon Sound City a Kalifoniya da kasafin dala 65,000, aka yi faifan Nevermind. To a nan nake so ku ga aikin furodusa da idonku. Mawaƙinsu, Kurt Cobain, ba ya son maimaita waƙa, ba ya kuma son a ɗora muryarsa a kan muryarsa, wato ya rera baiti sau biyu a haɗe su don sautin ya yi kauri. Gani yake ƙarya ce. Vig bai yi masa gardama ba. Ya san yaron yana ƙaunar shahararren mawaƙin nan John Lennon, sai ya ce masa ai Lennon ma haka yake yi. Nan take ya yarda. Wata waƙar kuma sun yi ta fama da ita a babban ɗaki ta ƙi, sai Cobain ya shigo ɗakin na'ura ya kishingiɗa a kan kujera da wata tsohuwar jita, ya fara rerawa ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, yana nuna yadda yake son ta fito. Vig ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya sa aka kashe wayoyi, ya jawo makirufo ya ɗauka a wurin. Ita ce aka sa a faifan.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan: shi makaɗin ganguna ne, amma bai taɓa sanda ba a faifan nan. Mai gangar Nirvana, Dave Grohl, shi ne ya buga. Da wata waƙa ta riƙa gudu tana wuce ƙa'ida, abin da Vig ya yi shi ne ya sa wa Grohl na'urar ƙirga a kunne, mai yin ƙwas-ƙwas, ya bi ta. Duk wanda ya iya abu ya san wuyar zama kana kallon wani yana yinsa, hannunka yana ƙaiƙayi, ka daure.

Faifan ya fito 24 ga Satumba 1991. Kwafin da aka fara kaiwa shaguna a Amurka bai kai 50,000 ba. Zuwa Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard. Yau an sayar da sama da miliyan 30. Hoton wa duniya ta sani? Na Cobain. Vig yana can baya.

Ɗan Zazzau:
Yaya Mai Situdiyo, na karɓi wannan. Amma ai shi ya tsara sautin gaba ɗaya, ko ba haka ba? Wanda ya tsara kiɗa ai shi ya tsara rawa.

Mai Situdiyo:
Ko nan ma ba shi kaɗai ba. Da aka gama ɗauka, ba a bar masa haɗawar ƙarshe ba. Wani aka kawo, Andy Wallace, shi ya daidaita sautin ya goge shi. Ka ga ko kiɗan ma an raba.

'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Ni ina karantawa ne wata karin maganar ta faɗo mini, kuma ina ganin ta fi dacewa da wannan sana'a baki ɗaya: "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Lokacin da Nirvana suka je Madison a 1990, mai gangarsu ba Grohl ba ne, Chad Channing ne. Shi ya sha wahalar shekarun yunwa, yawo a mota daga gari zuwa gari. Ya bar ƙungiyar a 1990 ɗin. Amma waƙa ɗaya daga ɗaukar Madison ta shiga Nevermind yadda take, da 'yan bugun farantin ƙarfen da ya yi a ciki, kuma a fitowar farko ba a ko rubuta sunansa ba. Idan ana neman kura a labarin nan, ga ta.

Sannan ina da tambaya ga Yaya Mai Situdiyo. Shi furodusa, ba shi ne gardin ba? Mawaƙi ya fasa maƙogwaro, shi yana zaune a kujera, in an sayar a ba shi kaso.

Mai Situdiyo:
Ƙanwata, wannan tambayar su kansu Turawan sun yi ta. Faifan Nirvana na gaba, In Utero, ba Vig ya yi ba. Cobain ya dawo yana ƙorafin cewa Nevermind ya yi santsi da yawa, ya yi kama da kayan rediyo. Sai suka tafi wurin wani mai ɗaukar sauti, Steve Albini, a 1993, suka ɗauka cikin kusan mako biyu a wani situdiyo a jihar Minesota. Shi Albini aƙidarsa ita ce furodusa bai cancanci kaso daga cinikin faifai ba. Ya ce a biya shi kamar yadda ake biyan mai gyaran famfo: ya yi aiki, a sallame shi. Dala 100,000 ya karɓa, ya bar kason da zai ninka haka sau da yawa. Har ya rasu a 2024 bai sauka daga wannan ra'ayi ba.

Ina girmama shi ƙwarai. Amma ban yarda cewa duk wanda ya karɓi kaso gardi ne ba. Gardi ɗaure kura yake yi, ya sa mata takunkumi. Wanda ya kashe na'urar sanyi don a ji raɗar mawaƙi ba takunkumi ya sa masa ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Madalla da wannan rarrabewa. 'Yata ta Damagaram, maganar kura da gardi tana da nauyi, domin tana ɗauke da tuhumar zalunci. Ba a jefa ta sai an tabbata akwai wanda ya ci gumin wani da gangan. A kan mai gangan da aka manta da sunansa, rabin farko ya zauna daram, ya sha bugu. Amma rabi na biyu sai an nuna wane ne gardin, kuma ban ga an nuna ba. Karin magana ba a yanka ta biyu a ɗauki rabi.

'Yar Damagaram:
Na ji, Baba Malam. Amma ni a ganina ba dole gardin ya zama mutum ɗaya ba. Wani lokaci tsarin kasuwar ne gardin. Ban janye ba, sai dai na cire sunan Vig daga ciki.

Ɗan Zazzau:
To mu dawo kan Garbage, don a nan ne nake ganin ina da gaskiya. Bayan Nevermind ya yi wa ƙungiyar Sonic Youth aiki a 1992, ya yi wa ƙungiyar Smashing Pumpkins a 1993, kowa na nemansa. Sai ya koma gida Madison ya ce yanzu nasa zai yi. Shi da Marker da Duke Erikson, wanda suke tare tun zamanin Spooner. Su uku duk sun iya na'ura, situdiyon nasu ne, babu mai ce musu lokaci ya ƙare. Wannan kam ai ko Malam zai yarda su ke kiɗansu su ke rawarsu.

Mai Situdiyo:
A nan ɗin ma ka duba abin da ya faru. Mutum uku, ga gwaninta, ga kayan aiki, ga suna. Suka yi ta haɗa sautuka, har wani abokinsu ya saurara ya ce abin kamar shara, daga nan ma sunan ƙungiyar ya samo asali, don Garbage shara ke nan da Turanci. Me ya rage musu? Wanda zai tsaya a tsakiyar fili. Sai da Marker ya ga wata mawaƙiya 'yar Sikotland, Shirley Manson, a talabijin cikin dare tana waƙa da ƙungiyarta Angelfish, suka nemo ta daga wata nahiya. Gwajin farko ma bai yi kyau ba, sai da ta sake dawowa. Da ta zauna, ta shiga rubuta baitoci, ta kuma shiga cikin masu yanke shawarar yadda sautin zai kasance. Faifansu na 1995 ya sayar da miliyoyi. Wato lokacin da suka fi kowa ikon yin kiɗa da rawa su kaɗai, lokacin ne suka fita neman mai rawa.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Akwai wani yaro mai murya, Allah ya ba shi, da ya riƙa zuwa wurina. Da ya samu kuɗi ya sayi kwamfuta da fiyano da makirufo ya kafa a ɗakinsa. Na yi masa murna. Bayan wata bakwai ya kawo mini waƙa a filashi, ya ce in saurara kawai. Na sa a lasifika. Muryar tana nan yadda na san ta, amma ya tara kiɗa a kanta har ba a jin kalmomin, kuma amshin ya maimaitu sau tara. Na tambaye shi wa ya ji kafin ni. Ya ce babu. Wata bakwai yana ɗaki shi kaɗai da abin sauraro a kunne, duk abin da ya ƙara sai ya ji ya yi daɗi, don babu wanda zai ɗaga masa hannu ya ce ya isa. Muka zauna muka cire fiye da rabi. Da muryarsa ta fito fili sai ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Tun ranar, in na ji an ce wane shi ke kiɗansa shi ke rawarsa, ɗakin nan nake tunawa.

Basakkwace:
Wannan ya taɓa ni. Kuma ya tuna mini da abin da duk wanda ya tsaya kusa da mai kalangu a wurin biki ya sani. Makaɗin ƙwarai ba sama yake kallo ba, ƙafar mai rawa yake kallo. In ta yi sauri ya matse kalangun a hammata ya bi ta, in ta gaji ya sassauta. Muna cewa in kiɗi ya sauya rawa ta sauya, amma a fili sau da yawa rawar ce ke sauya kiɗin. To wanda ke yin duka biyun, ƙafar wa zai kalla?

Uwar Biyu:
Baba, wannan tambayar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Ni ma in na haɗa sabon turare sai na kai wa maƙwabciyata ta shaƙa, don hancina ya riga ya saba. Amma ku bar ni da guda ɗaya. A 2012 Garbage sun bar manyan kamfanoni, suka fitar da faifai a ƙarƙashin nasu kamfanin, Stunvolume. A nan fa? Ba wanda ya hana kowa shiga, ba kuma abin tausayi ba ne. Sun gaji ne da a riƙa juya su. In na ce su ke kiɗansu su ke rawarsu a wannan gaɓar, da yabo na faɗa, kuma ina ganin duk mai karatu zai gane.

Malam Na Bakin Kasuwa:
A wannan gaɓar, Hajiya, in kin kewaye ta da bayani, za ta wuce. Kin ga kuma "su" kika ce, ba "shi" ba. Mutum huɗu ne, kowa na iya ce wa ɗan'uwansa a'a. Da jam'i maganar tana da sauƙi. Da tilo ne take ciwo.

Ɗan Zazzau:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. To yanzu me zan sa? Na yi tunanin "da tsohuwar zuma ake magani," saboda abin da ya faru daga baya. Shekara ashirin bayan Nevermind, Dave Grohl, wanda yanzu shi ne jagoran ƙungiyar Foo Fighters, ya sake kiran Vig. Suka ɗauki faifan Wasting Light a garejin gidan Grohl, a kan tef irin na da, babu gyaran kwamfuta, in za a yanke wuri sai da reza. Ya fito a 2011, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan rok mafi kyau.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ta dace da wannan babin, ta fuska biyu ma: tsohon aboki da tsohuwar na'ura. Amma ba ta ɗauke rayuwarsa duka ba. Kada ka tilasta wa karin magana ɗaya ta yi dakon shekara arba'in.

Mai Situdiyo:
Ni da zan ba ka shawara, ɗauki maganar Baba Basakkwace, ka tambaye shi izini. Makaɗin da ke kallon ƙafar mai rawa. Ba karin magana ba ce ta asali, don haka kada ka ce Hausawa sun ce. Ka kuma ƙara a rubutunka cewa Smart Studios ɗin an rufe shi a 2010, don mutane su san ko wurin da aka yi wannan tarihi bai tsira daga sauyin kasuwa ba, yanzu da kowa ke ɗauka a ɗakinsa.

Basakkwace:
Na ba ka, ɗana, ba sai ka ambace ni ba. Wurin masu kalangu na gani.

Ɗan Zazzau:
Na gode Baba. Na goge kan maganar farko. Waccan ta kiɗa da rawa zan sauko da ita cikin sakin layin 2012, da "su" kamar yadda Malam ya ce, in sa bayanin Hajiya a gefenta. 'Yar'uwa ta Damagaram, sunan Chad Channing zai shiga, da abin da ya buga. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa kawu ya sake dubawa kafin in saka.